Daga Dawanau zuwa Tijani al-Mahi

A Kano, in mutum ya fara zancen da ba kai ba gindi, sai ka ji an ce, "Wannan sai Dawanau," wato asibitin masu taɓin hankali. Da na zo Sudan na tarar su ma suna da irin wannan tsokanar, sai dai su sunan mutum suke kamawa: "A kai shi Tijani al-Mahi." Na daɗe ina zaton sunan unguwa ne a Umdurman. Sai a nan Gadarif, inda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya koro mu, wani dattijo Bahaushe, wanda kakanninsa suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙara gaba ba, ya gyara min. Ya ce, "Ɗana, ai likita ne. Har wurin malamai yake zuwa."

An haifi Tijani al-Mahi a 1911 a garin Kawa, bakin Farin Nilu. Ya gama karatun likita a Khartum a 1935, ya tafi Landan ya ƙware kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya dawo ya buɗe wurin duba masu taɓin hankali a Bahri. Daga baya ya zama mai ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara a wannan yanki. Ya rasu a 1970, aka sa wa asibitin masu taɓin hankali na Umdurman sunansa.

Ni ba takardun shaidarsa ne suka ɗauki hankalina ba. Mutumin nan ya gane cewa duk wanda kansa ya taɓu, wurin shehi ake fara kai shi, a ba shi rubutu ya sha, a turara shi. Maimakon ya zauna a ofis yana kiransu jahilai, sai ya ɗauki ƙafa ya bi su har masid, wato tsangayunsu, ya zauna ya saurara, har aka kai ga shehi yana turo masa mara lafiyar da ya ga ya fi ƙarfin addu'a kaɗai. Ya kuma yi nazarin zar, wanda mata ke yi da kiɗa da turare. Ranar da na ji ana kiran wani nau'insa "zar bori" sai da na yi dariya. Ashe ba mu kaɗai muka ƙetaro ba.

Kada a ce Najeriya ba ta yi irinsa ba. Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, marasa lafiya na zaune cikin jama'a tare da danginsu, masu maganin gargajiya na cikin aikin. To mu Arewa fa? Muna da asibitoci a Barnawa da Kware da Maiduguri, muna da farfesoshi masu rubuce-rubuce da Turanci a mujallun da ake ƙirga musu don ƙarin girma. Ban raina wannan ba. Amma likita na can, mai ruƙiyya na can, ɗan bori na can, kowa na hararar kowa, dangin mara lafiya kuma na yawo tsakaninsu har abin hannunsu ya ƙare. A 2019 aka fito da ɗaruruwan yara da manya daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar masu taɓin hankali da muka yi aiki da ita tun 1958 kuwa, sai a 2023 aka sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta.

Ba wai Sudan ta gama da nata ba ne. Har yau akwai masid ɗin da ake ɗaure mutane, kuma yaƙi ya tarwatsa likitocin da dama can ba su da yawa. Amma a unguwarmu akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga Madani, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura, barci ya gagare ta. Malamin da aka kai ta wurinsa ya yi mata addu'a kwana uku, sannan ya kira mijin ya ce, "Ka haɗa da likita." Na tambayi dattijon nan ko dama haka malaman nan suke yi.

Ya ce, "Ba duka ba, ɗana. Amma wannan, mahaifinsa ma haka yake yi."