Ko jak bai sa wa motar ba

Ranar Asabar na kai Corolla ɗina gareji. Birki sai na taka shi har ƙasa kafin ya kama, birkin hannu kuma sai na ja shi ƙarshe. Na san ciwon: ajastar birkin baya ce, ɗan ƙarfen nan mai zare da haƙora a cikin dirom (gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya), wanda ke matso da shu (takalmin birki mai danne dirom) duk lokacin da shu ɗin ya cinye. Ruwan damina ya shiga, ƙura ta bi, tsatsa ta ƙame shi. Maganinsa a cire dirom, a goge zaren da burushin waya, a ɗan shafa giris, a juya haƙoran har shu ya soma shafar dirom.

Bakaniken nan ko jak bai sa ba. Ya leƙa cikin mota, ya ɗaure wayar birkin hannu, ya fito.

"Alhaji, an gama. Dubu biyar."

Na ce, "Maigida, ai ba ka kwance tayar baya ba."

Ya ci gaba da goge hannu da tsumma, ko kallona bai yi ba. "Kai ne bakanike ko ni?" Yaransa suka tuntsire da dariya. Na danne zuciya, na ce ɗaure waya ba ya tayar da ajasta, sai ma shu ya riƙa gogar dirom har ya ɗau zafi. Ya tofar da yawu, ya wurgo sifana gaban ƙafata. "Tunda ka iya, bismilla." Ɗana na tsaye yana kallo.

Shekara nawa muna shan wannan? Ka biya kuɗin sabon kaya a ɗaura maka jabu, ka yi magana a ce kana da tsiya. Birki fa! Rayukan mutane ne a kai.

Ina gwamnati? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya haura, kayan gyara na bin dala, tituna duk ramuka da kududdufai masu cinye ƙasan mota. Duk wanda ya mallaki guduma da inuwar bishiya ya buɗe gareji, babu mai tambayarsa inda ya koya. A hanya a tare ka a nemi takardu da abin kashe gobara, amma ban taɓa ganin wanda ya ce in taka birki ya gani ba. Sai mota ta kwasa cikin kasuwa a ce ƙaddara.

Gobe Litinin, kuma da wannan motar zan kai yara makaranta.