Harufa 30 da suka ɗauke wa masu binciken EBV hankali

Wani yayi ya shigo binciken limfoma, wato sankarar kaluluwa. Sai a ɗebi jinin majiyyaci, a yi gwajin PCR mai gano wani yanki na DNA, a ga giɓi inda harufa 30 suka ɓace daga yankin DNA mai samar da furotin LMP1 na ƙwayar cutar Epstein-Barr (EBV), shi ke nan a rubuta cewa an gano nau'in da ke haddasa cutar. Wannan gaggawar tana ɓata wa fannin suna.

LMP1 yana kwaikwayon CD40, makunnin da ke sa ƙwayoyin B na garkuwar jiki su hayayyafa, sai dai shi LMP1 kullum a kunne yake. Wutsiyarsa tana da sassa biyu masu aika saƙo: CTAR1 da ke kama furotin TRAF, da CTAR2 da ke kama TRADD, duka suna tayar da furotin NF-κB don hana ƙwayar B mutuwa. Giɓin da ake ta yayatawa amino asid (tubalan ginin furotin) 10 kawai yake cirewa, a gefen CTAR2. Da aka tsattsaga CAO, wani nau'in LMP1 mai wannan giɓin daga ƙasar Sin, an ga ƙarfin saƙonsa ya fi fitowa daga sauye-sauyen sassa shida da ke ratsa fatar ƙwaya. Gwajin da ke neman giɓin ba ya ma duba wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne limfomar Burkitt, mai kumbura wa yaranmu muƙamuƙi. A yawancin ƙarin Burkitt, LMP1 a kashe yake, EBNA1, wani furotin na EBV, kaɗai ke aiki. Tushen cutar shi ne MYC, yankin DNA ɗin mutum mai sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa, da ya tsallaka daga kromosom 8 zuwa 14, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa kuma yana taimaka wa wannan kuskure. To me giɓin furotin da ba a kunna ba zai bayyana? A limfomar Hodgkin, inda LMP1 ke aiki, tambayar tana da ma'ana.

Masu cewa giɓin ya yawaita a majiyyata sun manta ya yawaita a lafiyayyun garin ma. Mutum ɗaya kan ɗauki nau'in EBV fiye da ɗaya, kuma na yawu ko na jini ba lallai shi ne na cikin ƙarin ba. Ga shi nau'in EBV da ake kwatanta samfura da shi, B95-8, daga Amurka ya fito, alhali EBV nau'i na 2, mai furotin EBNA2 daban, ya fi yawa a Afirka fiye da Amurka.

A ɗauki samfur daga naman ƙarin, a fara tabbatar da EBV da gwajin EBER mai nuna ƙwayar a cikin naman, a karanta dukan DNA ɗin ƙwayar, sannan a kwatanta da na maƙwabtan majiyyacin masu lafiya.