Langar Iya Ta Tafi Bara

Tun da na ji cewa matar nan da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, tukwanen da ta gina a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, rububinsu ake yi a wuraren gwanjo na Landan, idona ya buɗe a kan tsofaffin kaya. Tukunyar Ladi Kwali dai ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Sai na sauko daidai tsayina, na bi sahun masu tara tsofaffin langa, don na ga a Turai da Amurka akwai masu irin wannan larura, su saya da tsada su jera a kanta, ko ruwa ba sa zubawa a ciki.

Ban je kasuwa ba. Ɗakin Iya na nufa, kakata ta wajen uba, wadda aka kai ɗakin miji 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. A zamaninsu jere shi ne shaidar gatan amarya. Ƙwarya ta ja baya, tasa ta fara tsufa, langa da fanteka da samira ke tashe, a ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba na goye da ƙarama, kuma ba don ci aka jera su ba, don 'yan ganin ɗaki ne. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadonta mai rumfa, na jawo wata langa ja mai fararen furanni, murfinta lafiya lau, sai ɗan ɓantare a baki inda tsatsa ta kama. Da na kifa ta, ga tambari a gindi: ƙirar Chekoslobakiya.

Nan take malantar ta motsa. Na ce wa Iya ƙasar da ta ƙera wannan kwano ma babu ita a duniya, tun 1993 ta rabu gida biyu. Na ce wannan jan da take gani garin gilashi ne aka shafa wa ƙarfe, aka gasa a wuta mai zafin wajen digiri 800 har ya narke ya kama, shi ya sa bai koɗe ba, shi ya sa kuma in ya faɗi yake ɓantarewa. Na ƙara da cewa irinsu daga Turai da Hong Kong ake shigo da su, kafin 'yan kasuwar Hong Kong su zo su kafa masana'antun kwano a Ikeja da nan Kano wajen shekarun 1960.

Iya ta bari na kai aya, sannan ta ce, "To maigida, ka gama? Ɗauka ka je. Da goro nake ajiyewa a ciki, yanzu kyankyasai sun gaje ta. Amma ka faɗa wa kishiyata ba ita na ba wa ba."

Na wanke ta da tsumma mai laushi, na ɗora a saman kabet a falo. Daga baya na samo fanteka a wajen Goggo, da wani tire mai hoton ɗawisu. Na tara iyali na kafa doka.

Uwargida ta ce, "Malam, kwano ne fa."

Na ce, "Tarihi ne."

Ta ce, "To, Allah Ya ba tarihi lafiya."

Ana nan azumi ya kama. Wata rana bayan an sha ruwa na ɗaga kai, sai na ga giɓi a saman kabet. Uwargida ko a jikinta: ƙosai ta aika gidan liman, kuloli duk sun fita, ai za a dawo da ita. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a mayar da kwano haka nan fanko, sai an samu abin sawa a ciki, kafin nan kuwa yana iya zaga rabin unguwa.

Na zura takalmi. A ƙofar gidan liman na yi sallama, wani yaro ya fito, na yi ƙasa da murya na faɗa masa saƙo. Yaron nan bai ko ƙarasa zaure ba ya ɗaga murya: "Wai Malam ne ya zo karɓar kwanon matarsa!" Dariyar da ta tashi a cikin gidan har yanzu ina jin ta a kunnena. Ga ni da gemu, ga ɗalibaina na wucewa zuwa asham suna gaishe ni. Amsa ta fito: an zuba dambu an kai wa mai jego a gidan baya, amma a ce wa Malam ya kwantar da hankalinsa, ba a cin kwano.

Gidan mai jego suka ce sun zuba tuwo sun ba almajirin gidan.

A tsangaya na same ta, a cinyar wani yaro da bai wuce shekara 10 ba, ya suɗe ta tas yana ɗan kiɗa a gindinta, daidai kan tambarin. Murfin kuma yana wajen abokinsa, sun raba gado. Na ce zan saya masa sabuwar roba. Ya ce a'a. Na ce biyu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wannan kwanon farin jini gare shi. Gida biyu na shiga da shi, duk an sa mini nama." Wallahi na yi ciniki a Kurmi, na yi a Kwari, ban taɓa haɗuwa da ɗan kasuwa irin yaron nan ba.

Hayaniyarmu ta fito da malaminsu. Ya tambaya cikin natsuwa me ke cikin kwanon nan da ma'aikacin gwamnati zai bar asham ya biyo shi. Maimakon in ce na kakata ne in huta, sai na sake buɗe darasi: Chekoslobakiya, garin gilashi, Turawa masu saye. Malam yana ta gyaɗa kai. Kalmar Turawa kaɗai ya riƙe. Aka daidaita a kan naira 3,000 na gindi, 1,000 na murfi, roba sabuwa ga kowanne, da abin sadaka ga Malam, wanda ya yi mini addu'ar Allah Ya sa a sayar da riba.

Kafin sallar azahar ta washegari labari ya gama unguwa: akwai wani sinadari a cikin tsohuwar langa, Turawa na saye da dala, kuma ni ne wakilinsu a Kano. 'Yan gwangwan suka yi layi da kura a ƙofar gidana, da tsofaffin bahon wanka da fo ɗin yara, kowa na cewa nasa ɗan asali ne. Wata tsohuwa ta aiko da murfi kaɗai, wai a ba ta kuɗin kafin alƙalami. Goggo ta turo jikanta ya karɓi fantekarta, ba ko gaisuwa. Mai tiren ɗawisu ta ce dama aro ta ba ni.

Da la'asar sai ga adaidaita sahu ta tsaya. Iya ce da kanta, wadda ko asibiti sai an yi mata dabara take zuwa. Ba ta zauna ba. Ta miƙa sanda ta nuna saman kabet, uwargida ta sauko mata da langa jiki na rawa, fuska cike da murna.

"Ja'iri, ashe auren cuta muke yi? Dala nawa suka ba ka?"

Na rantse ko sisi, ni ma 4,000 na kashe. Ta ce wannan tsakanina da almajirai ne. Ta naɗe langar a gefen mayafi, ta sa na biya mai adaidaita zuwa da komawa, sannan ta leƙo da kai ta ce in Turawan nawa sun zo in turo su wajenta kai tsaye, ba ta son dillali, kuma kuɗinta kujerar Makka ne, har da guzuri.