Bindigar 1911 da mutanen da aka ƙera ta dominsu

Jama'a, duk lokacin da na ga matasanmu suna yaɗa hoton ƙaramar bindigar nan ta Amurka, M1911, suna yabon kyanta, sai raina ya sosu. Ba wai bindigar ba ta kai a yaba mata ba. Ta kai. John Browning ne ya tsara ta, kamfanin Colt ya ƙera. A gwajin ƙarshe da aka yi mata a 1911 an harba harsashi 6,000 ba ta cije ko sau ɗaya ba. In ta yi zafi sai a tsoma ta cikin ruwa, a ciro, a ci gaba da harbi. Ranar 29 ga Maris na shekarar sojan Amurka suka karɓe ta, ba su canja ta ba sai 1985. Mai hannu dai mai hannu ne.

To amma me ya sa suka nace sai sun sami bindiga mai ƙaton harsashi irin nata, wato lamba 45?

Bayan Amurka ta karɓe Filifin daga hannun Sifen a 1898, sai ta ci karo da Musulmin kudancin ƙasar, na Mindanao da Sulu, waɗanda ake kira Moro. Mutane ne da Sifen ta shafe ɗaruruwan shekaru ba ta lanƙwasa su ba. Yawancin makamansu takubba ne da masu. Sojan Amurka kuwa libarba suke ratayawa mai harsashi lamba 38, wanda bai kai lamba 45 kauri ba. Sai koke ya yi yawa: ana harbin mutum sau uku, sau huɗu, bai faɗi ba har sai ya iso da takobinsa. Dole aka koma rumbu aka kwaso tsofaffin libarba masu lamba 45.

A 1904 aka ɗora wa wasu hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, aikin gano harsashin da zai kayar da mutum nan take. A mayankar Chicago suka yi ta harbin shanu masu rai, suka kuma gwada a kan gawarwakin mutane. Suka ce kada a sauka ƙasa da lamba 45. Daga nan zancen bindigar 1911 ya samo asali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Bud Dajo. A Maris 1906, a tsibirin Jolo, jama'a sun tare a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta da ake kira Bud Dajo, maza da mata da yara, wasunsu don ƙin biyan harajin da aka ƙaƙaba musu. Janar Leonard Wood ya tura soja. Suka ja igwa har bakin ramin, ga mashin-gan, ga dogayen bindigoginsu samfurin Krag, suka yi ta luguden wuta daga sama. Waɗanda aka kashe sun doshi 1,000. Sojan Amurka da suka mutu wajen 20 ne. Akwai hoton da aka ɗauka bayan an gama: soja a tsaye bakin wani rami, ƙarƙashinsu gawa kan gawa, har da ta mace. Shugaba Theodore Roosevelt kuma ya aika wa Wood da saƙon taya murna. A cikin wannan watan ne fa Turawan Ingila suka shafe Satiru a nan wajenmu.

Kada wani ya ce na ɗora wa 1911 jinin Bud Dajo, a lokacin ba a ma gama ƙera ta ba. Abin da nake faɗi shi ne, in ana ba da tarihinta sai a ambaci Moro a layi ɗaya, wai wasu mahaukata ne da harsashi ba ya tsayar da su, a wuce. Ni ban ga hauka ba. Na ga mutanen da aka zo har gidansu, suka fito da abin da ke hannunsu. Har 1913 suna nan a kan bakansu, lokacin da Janar Pershing ya kewaye su a dutsen Bud Bagsak, ya kashe wasu ɗaruruwan.