Sensa Biyu, Ƙwai Ɗaya

A wani gida a Agege na tarar an sa sensar motsi biyu, ɗaya a get, ɗaya a gindin bene, amma ƙwan tsakar gida ba ya kamawa sai an gifta gabansu duka. Maigidan ya rantse jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ne, haɗin ne: an bi da wutar da ke fita daga sensa ta farko cikin ta biyu.

Gyaran shi ne, kowace sensa a ba ta wutarta da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) kai tsaye, sannan a haɗe wayoyin fitarsu zuwa ƙwan. Wadda ta riga ganin motsi ita ke kunnawa.

Amma fa daga fes ɗaya, wato layin wuta ɗaya, za a ja musu. Gida mai fes uku, in aka gauraya, bolt 400 ne tsakanin fes da fes, sai dai ka ji ƙauri.