Yadda na kashe Cardo

Hajiya kakata ko "zo in kashe ka" ba ta ji da Turanci, amma tunda aka sa mata StarTimes a ɗaki ta kamu da fim ɗin nan na Filifin, Brothers, na ɗan sanda Cardo da aka kashe masa ɗan tagwayensa Ador shi kuma ya koma amsa sunan mamacin yana farautar waɗanda suka yi aika-aikar. Ni aka naɗa tafinta. Da saurina na amsa don na ɗauka abin wata biyu ne a watse, ashe a can ƙasarsu tun 2015 suka fara sai 2022 suka ga dama suka rufe, kashi 1,696 fa jama'a, jaririn da aka haifa ranar farko har ya shiga firamare Cardo na nan yana gudu da bindiga.

Kullum da dare sai in ji "maigida zo ka zauna, me ƙawata Flora take cewa?" wato kakar Cardo. Kafin ka ce me matan layinmu sun cika ɗakin, kowa da tambayarta, har tari idan an yi sai na fassara.

Rannan ana harbin Cardo ya faɗi sai aka ɗauke wuta, ni kuma ga ƙwallo ana bugawa a gidan kallo. Na ɗan latsa waya na gyara murya na ce Hajiya sai haƙuri, na duba intanet, Cardo rai ya yi halinsa, fim ya ƙare. Ta yi salati ta ce Allah sarki ya bar tsohuwa da ɗawainiya. Tuwo ma ta kasa ci, washegari har da maƙwabciya ta shigo yi mata jaje.

Na ɗan sha iska wallahi, sai ƙanwata uwar iyayi ta je ta kunna, ga mutumin nan garau yana rabon harsashi. Hajiya ta dube ni ta ce "maigida wannan fatalwa ce?" Na ce ai Hajiya 'yan uku ne. Mafici ta wurgo min.

Ba a ma kore ni na huta ba, ƙanwar tawa aka ajiye a gefe tana tantance duk abin da na faɗa, kuɗin sabunta kati kuma ya dawo wuyana.