Wa zai koya wa ƙannenmu rubuta manhaja a Kaduna?

Bayan sallar Magariba ɗan maƙwabcinmu a Tudun Wada ya yi sallama a ƙofar gida, rungume da tsohuwar kwamfutar da mahaifinsa ya saya masa ta hannu, wadda ba ta minti arba'in idan an ɗauke wuta. Shekararsa ɗaya da rabi yana koyon rubuta manhaja. Ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini bidiyon Jensen Huang, shugaban kamfanin Nvidia, inda a wani taro a Dubai cikin Fabrairun 2024 yake nuna cewa nan gaba ba sai yara sun wahalar da kansu wajen koyon wannan sana'a ba, tunda na'ura za ta fahimci maganar mutum kai tsaye. Sai ya ce, "Yaya, don Allah ka faɗa mini gaskiya. In ci gaba, ko in koma shagon Baba?"

Wannan tambaya na ji ta daga bakin matasa da dama a garin nan, kuma amsar da mu manya muke ba su ce take damuna. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da rubutu, a ƙarshen Nuwamban 2022, duk labarin da ya ɓullo daga Amurka sai ya raba mu biyu. Wasu su ce shi ke nan, sana'a ta mutu, kowa ya kama gabansa. Wasu su ce duk kurari ne, na'ura ba za ta taɓa kamo ƙafar mutum ba. Haka aka yi a Maris ɗin 2024 da aka tallata Devin a matsayin injiniyan manhaja na ƙirƙirarriyar basira, haka aka sake yi a Janairun 2025 da DeepSeek, kishiyar ChatGPT daga ƙasar Sin, ya girgiza kasuwar hannun jari. A yi mako guda ana musu a majalisa da wurin mai shayi, sannan a watse ba wanda ya sauya ko abu ɗaya a yadda yake aiki.

Masu cewa sana'a ta mutu sukan kafa hujja da korar ma'aikata. Gaskiya ne Meta ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, kuma a Janairun 2023 Amazon ya sanar da 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Amma a lokacin ChatGPT ko rarrafe bai fara ba. Waɗannan kamfanoni sun ɗibi ma'aikata fiye da kima a zamanin korona, da kowa ya koma intanet, sai kuɗin ruwa ya tashi a Amurka, masu zuba jari suka matsa musu su tsuke bakin aljihu. Shi kuma Huang, kamfaninsa ne ke sayar da kayan da ake gina wannan basira a kansu, kuma ba a taɓa jin mai talla ya kushe hajarsa ba.

Duk da haka ban ce wa yaron nan ya kwantar da hankalinsa ba komai, domin da na yi masa ƙarya. Ni ma ina amfani da waɗannan na'urori kullum, kuma aikin da kan ci mini yini guda yanzu kafin La'asar na gama. Abin lura shi ne irin aikin da suka fi iyawa: haɗa shafin shiga, gyara fom, rubuta gwaje-gwaje, tsara bayanai a tebur. Su ne daidai ƙananan ayyukan da muke miƙa wa mai koyo, ya yi kuskure, a gyara masa, ya samu na data, har hannunsa ya faɗa. Ni a nan nake ganin haɗarin, kuma ya riga ChatGPT zuwa. A Satumban 2019 Andela, kamfanin da ya yi suna wajen horar da sababbin hannu, ya sallami sama da 400 daga cikinsu a Najeriya da Kenya da Yuganda, saboda masu ba shi aiki ƙwararru suke nema. Kowa na son gwani, amma ba mai son ɗaukar nauyin rainonsa.

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya san yadda ake zama maƙeri ko mai walda. Yaro kan fara da riƙe ƙarfe, miƙa guduma, kankare tsatsa. A ido aikin banza ne, amma a nan yake gane ƙarfen da zai lanƙwasu da wanda zai karye, a nan yake jin yadda maigida ke ciniki da mai kaya. Ranar da aka kawo injin da ke kankare tsatsa, dole maigida ya zauna ya yi tunanin abin da zai sa yaron nan a gaba, in ba haka ba shekara goma masu zuwa rumfar ba ta da magaji. Mu masu manhaja injin ya riga ya iso rumfarmu, zaman tunanin ne ba mu yi ba.

Kuma akwai abin koyarwa mai yawa da na'ura ba ta sani ba. Kwanaki wani ɗan kasuwa mai sarin kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Gumi ya nemi in haɗa masa manhajar lissafin shago. Na bayyana wa na'ura abin da nake so, cikin 'yan mintuna ta zubo aiki tsaf, gwanin sha'awa. Sai dai ta ɗauka mai saye zai biya kuɗinsa cif ya tafi. A shagon Alhaji kuwa, mutum kan ɗauki kwali bakwai da rabi ranar Litinin, ya turo rabin kuɗi ranar Juma'a daga asusun ƙaninsa, ya kawo wani abu a hannu bayan mako, sannan ya dawo da kwali ɗaya da ya jiƙe a ce a cire. Duk wannan yana cikin wani littafi mai baƙin bango da yaron shago ke riƙewa, da alamomin da su biyu kaɗai suka san ma'anarsu. Na'urar ta kuma ɗauka intanet ba ya yankewa, alhali mu a jihar nan mun ga watannin ƙarshen 2021 da aka rufe layukan waya a wasu sassa saboda tsaro, mun kuma ga 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace har bankuna suka rikice. Sai da na kwana uku ina zama a kan buhun shinkafa ina kallon ciniki kafin na san abin da zan gina.

Na san abin da abokan sana'ata za su ce, kuma suna da hujja. Da me za a biya mai koyo? Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Dala 20 da ake biya a wata don amfani da irin waɗannan na'urori ta kusa rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga man janareta. Mutumin da ke fama da waɗannan, idan ya ga na'ura za ta yi masa aikin yara biyu, ba zan zarge shi da mugunta ba. Amma shi ma wani ne ya haƙura da shirmensa a farko, kuma yawancinmu a Kaduna a hannun wani muka koya, ko a cibiyar fasaha ta CoLab da ke Barnawa, ko a ɗakin wani yaya a makaranta. Raino ba lallai sai da albashi mai tsoka ba. Kujera ɗaya kusa da kai, kuɗin mota, da awa biyu a mako na duba aikinsa sun isa a fara.

Gwamnati ma tana da rawar takawa. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023, da burin horar da mutum miliyan uku, abu ne mai kyau, sai dai horon 'yan watanni takarda yake bayarwa, gogewa sai a wurin aiki. Da gwamnatin jiha za ta sa sharaɗi cewa duk kamfanin da ya karɓi kwangilar manhaja daga wata ma'aikatarta sai ya zaunar da masu koyo 'yan jihar a cikin aikin, da sunayensu a rubuce, da an ga bambanci fiye da na taron bita goma.

Shi kuwa ɗan maƙwabcina, na ce masa kada ya bar shagon Baba, kada kuma ya bar kwamfuta. Shagon ne aikinsa na farko: ya zauna ya rubuta yadda mahaifinsa ke bin bashi, ya gina abin da zai riƙe wannan lissafi ko da babu intanet. Na yarda ya tambayi na'ura duk abin da yake so, da sharaɗin duk layin da ta rubuta masa sai ya yi mini bayaninsa da Hausa, wanda ya kasa kuma mu goge. Asabar ɗin farko mun goge fiye da rabi. Ta uku ya zo da littafin bashin mahaifinsa a cikin leda, ya buɗe wani shafi, ya nuna mini inda lissafin na'urar ya saɓa da na tsohon da naira 4,500, kuma ya riga ya gano cewa tsohon ne ke da gaskiya.